Haɗa ciyawar dabbobi da masara ko dawa a gona ɗaya don yin ansilaj: tambayoyi da amsoshi

Assalamu alaikum 'yan uwa manoma da masu kiwo. Ina noma ne ta wajen Ngong, kudu da Garwa a arewacin Kamaru, ina da shanun turke da 'yan shanun nono a gida, kuma tunda mutane suka ga ina shuka ciyawa a tsakiyar masara ban huta da tambaya ba, a masallaci ne, a kasuwar shanu ne, wani ma sai ya bugo min waya bayan isha'i. Shi yasa nace bari in tattara tambayoyin wuri ɗaya in amsa su yadda na san abin da hannuna.

Wai menene ansilaj ɗin nan tukuna?

Kalmar daga Faransanci muka aro ta, ni dai nakan ce tsimin ciyawa. Ka yanke masara ko dawa tana ɗanya shar, da kara da ganye da goyonta gaba ɗaya, ka daddatsa ƙanana, ka zuba a rami ka danne sosai har iska ta fita, ka rufe da bash, wato tamfol na leda, ka bi da ƙasa. A ciki akwai wasu ƙwayoyin halitta da ido baya gani, su ke cin zaƙin da ke cikin karan su maida shi tsami, irin dai yadda madara ke komawa kindirmo, toh wannan tsamin shine yake hana abin ruɓewa. Sai ka zo a watan Maris ko Afirilu, lokacin da rana take gasa Garwa babu ko ɗigon kore a daji, ka buɗe ka tarar da abinci mai laima yana ƙamshi.

To meye haɗin wannan da shuka ciyawa a cikin masarar? Ba ciyawa muke kashewa ba?

Nan ne zancen yake gaba ɗaya, dan Allah a tsaya a fahimta. In ka noma masara don hatsi, ka karya goyo ka tafi, ko ba komai kara yana nan, shanu su ci wani su tattake wani su bar kashi. Amma in ansilaj zaka yi, komai kake kwashewa, tun daga tushe har bunsurun kai, kuma da wuri kake yanka, cikin Satumba, ruwa bai gama sauka ba. Kaga ka bar gona tsirara kenan a lokacin da ake tafka ruwan ƙarshe, ruwa ya wanke maka saman ƙasar ya kai mayo, wato rafi, sannan rana ta zo ta gasa abin da ya rage wata shida ko bakwai. Kuma duk sinadarin da karan ya zuƙa, musamman potas, ya tafi rami, bai dawo gona ba. Kayi haka shekara uku a jere wallahi gonar zata fara zama fako, ka zuba ruwa ya tsaya a sama kamar kan siminti.

Ciyawar da ka shuka a tsakanin layuka ita ce take biyan gonar bashin. Tana nan a ƙasan masara a takure saboda inuwa, bata girma sosai, ranar da ka yanke masara rana ta same ta sai ta miƙe da sauran ruwan Satumba da Oktoba ta rufe gonar ruf. Saiwarta tana da yawa kuma tana nutsewa ƙasa fiye da mita ɗaya, tana fasa ƙasar da ta taurare, in saiwar ta mutu ta bar ƙananan hanyoyi da ruwa zai bi, ita kuma ta zama taki a can ciki inda garma bata kaiwa. Gona ɗaya, damina ɗaya, ka samu ramin ansilaj, ka samu ciyawar yanka, ƙasa kuma ta samu mayafi.

Wannan abin sabo ne, ko an taɓa gwada shi a ƙasar nan?

An gwada. Tun farkon shekarun 2000 kamfanin auduga Sodecoton da shirinta na ESA mai kula da ruwa da ƙasa da itatuwa, tare da masu binciken noma na IRAD ta Kamaru da CIRAD ta Faransa, sun yi ta gwajin shuka ba tare da huɗa ba a ƙarƙashin shimfiɗar ciyawa, nan Arewa da Arewa Mai Nisa, kuma haɗa dawa ko masara da wata ciyawar dabbobi da ake kira brakiyariya yana cikin abin da suka fi nunawa manoma, shekara mai zuwa sai a shuka auduga a kan busasshiyar ciyawar. Tsofaffin 'yan jik na auduga, wato ƙungiyoyin manoma, da yawa sun san zancen. A Wakwa kusa da Ngawundere kuwa an daɗe ana aikin brakiyariya da stilo, wani dangin wake na kiwo, saboda shanun gudali. Asalin dabarar masara da brakiyariya a babban mataki daga Barazil ta yi suna, duk da cewa ita ciyawar 'yar Afirka ce aka kai musu. Abin da na ƙara kawai shine yanke masarar tana ɗanya don rami, wanda yake ma ƙara ba ciyawar lokaci.

Wace ciyawa zan shuka?

Wadda aka fi sani a wajenmu ita ce brakiyariya, irin da ake kira ruziziyensis. Tana jure inuwa, shanu na sonta, kuma in kana so ka kashe ta don shuka wani abu bata da taurin kai sosai. Gamba tana da kyau amma tsayi take yi tana yin dunƙule, ni na fi son ta a bakin gona ko a kan kunyar tare ruwa. Ciyawar giwa ma haka, tana son laima, a fadama ko gefen gona zata fi yi maka amfani, kar ka sa ta tsakiyar masara zata danne ta. Kyasuwa kuma da kanta take fitowa, in ka yanke ta kafin tayi fure abinci ce, in ta tsufa ta zama ta jinka.

Sai dai a riƙe wannan, ciyawa zalla bata ƙara wa ƙasa sinadarin da ire, wato takin yuriya, yake bayarwa, ci ma take yi. Masu ƙarawa sune dangin wake, wato waken harawa, lablab, mukuna, stilo. Shi yasa nake yin layi ɗaya brakiyariya, layi na gaba wake ko lablab. Kuma masara tana da ƙarfi amma bata da sinadarin gina jiki sosai, in ganyen wake ya shiga ramin tare da ita sai ka ga turton da kake saya, wato tunkuzar irin auduga, ya ragu, wanda ya san yadda buhun turto yake tashi a bazara ya san abin da nake nufi. Mukuna kam a yi hattara, hawa take yi tana nannaɗe masara har ta kayar da ita, sai an jinkirta shukarta sosai.

Yaushe ake shuka ciyawar? Rana ɗaya da masara?

A'a, kar ka kuskura. Ni na yi wannan kuskuren a shekarar farko, ina ɗoki, na shuka su rana ɗaya a wata kar ɗaya, wato kwatan hekta, da nake da ita kusa da hanya. Da aka yi sati shida na shiga gonar da safe, raɓa ta jiƙa min wando har gwiwa, ciyawa tayi kore shar tana sheƙi, masara kuma tayi rawaya, siririya kamar tsinke, ganyen ƙasa duk sun ƙone daga baki. Na tsuguna na tona gindin guda ɗaya da yatsa, saiwar ciyawa ta riga ta kewaye ta kamar gashi. Na zuba ire daga baya amma ta riga ta sha wuya, goyon da tayi bai kai tafin hannu ba. Raina ya ɓaci ƙwarai a shekarar nan don kuɗin angire, wato takin zamani, bashi na ci.

Abin da nake yi yanzu, masara ta fara yin gaba da sati biyu zuwa uku, in an yi noman farko gona tayi fes sai in ja layi ɗaya a tsakiyar layukan masara, tunda tazarar layi santimita 80 muke bari akwai wuri. Ƙwayar brakiyariya ƙarama ce, santimita ɗaya ko biyu kawai zaka binne ta, in ta nutse da yawa baza ta fito ba. In kai mai yin huɗa da shanu ne lokacin zuba ire, toh ka bari sai ka gama huɗar sannan ka shuka ciyawar a cikin kwarin, in ba haka ba garma zata tumɓuke ta. Kuma maganin feshi na kashe ciyawa tun kafin ta tsiro, wanda yake daɗewa a ƙasa, bai san ciyawarka da ta banza ba, duk kashewa zai yi, ka tambayi mai sayarwa ko ma'aikacin gona kafin ka fesa.

Mu a Marwa da Kayele ruwanmu kaɗan ne, zai yi mana?

Zai yi amma ba kamar na Garwa ba. Marwa tana samun wajen milimita 800 a shekara kuma damina gajera ce, Garwa wajen 1000, Ngawundere kuwa tana kai 1500. Inda ruwa yayi ƙaranci dawa ta fi masara, irin su S35, ko masara mai saurin nuna kamar CMS 9015, kuma gasar ruwa tsakanin ciyawa da amfanin gona tafi tsanani, don haka ka rage yawan ciyawar, ko ka tsallake layi ɗaya. 'Yan uwanmu na Cadi ta wajen Pala da Mundu yanayinsu kusan ɗaya da namu ne, amma masu wajen Njamena gara su dogara da dawa da wake. A karal, wato ƙasar laka da ake dasa masakwa dawar rani, kam wannan tsarin ba nashi bane, can laimar da ƙasa ta riƙe ita ce jarin, baka son wani abu ya sha ta.

Masarar bata raguwa?

Gaskiya tana iya raguwa kaɗan a shekarar farko ko da ka bi ƙa'ida, musamman in gonar ta gaji ko ka yi rowar taki. Baki biyu ne suke ci a kwano ɗaya. Duk wanda yace maka zaka daina sayen angire saboda ka shuka brakiyariya bai faɗa maka daidai ba. Ribar tana zuwa ne in ka haɗa lissafin duka, abin da ya shiga rami da ciyawar da ka yanka bayan nan, sannan daga shekara ta biyu ta uku ka fara ganin in ruwa ya ɗauke kwana goma masarar maƙwabci ta naɗe ganye taka tana tsaye, saboda ƙasan shimfiɗar da sauran sanyi. Wuta-wuta ma tana raguwa a gonar da take rufe kuma take samun taki, ban ce tana ɓacewa ba, amma tana raguwa.

Haba Alhaji, mutane na neman abinci kai kana binne masara da goyonta saboda saniya?

Wani dattijo ne ya faɗa min haka a gaban mutane, kuma ban ga laifinsa ba, maganar tana da nauyi. Na ce masa Baba, abincin gida shine farko, duk wanda rumbunsa bai cika ba kar ya taɓa goyon masararsa. Akwai hanyar tsakiya, ka karya goyon yana ɗanye ka sayar wa masu gasawa ko a ci a gida, karan da ganyen suna nan kore, su zaka datsa ka zuba a rami, ka riƙa barbaɗa dusar masara tsakanin shimfiɗa da shimfiɗa don ta maye gurbin ƙarfin da goyon ya tafi da shi. Bai kai mai goyo kyau ba amma yafi busasshen kara nesa ba kusa ba. Wanda kuma yake sayar da nono kullum ko yake turke don Sallah, shi ya ware kar ɗaya ko rabi musamman don dabbobi, nonon da zai tatsa a Afirilu lokacin da kowa nashi ya ƙafe shima abinci ne.

Yaya zan gane lokacin yanka yayi?

Ka ɓare goyo ka danna ƙwaya da farce. In madara ta fantsamo, da saura. In tayi tauri farce baya shiga, ka makara. Wanda ake so shine tsakiya, ta zama kamar ƙullu mai kauri, kan ƙwayar ya fara lotsawa. A lissafin masana ruwan jikin shukar ya zama kashi 65 zuwa 70 cikin ɗari. Gwajin hannu kuma, ka damƙi datsattsen ka matse sosai, in ruwa yana ɗiga ta tsakanin yatsu yayi laima da yawa, ka bar shi ya sha iska, in ka buɗe hannu ya watse nan take ya bushe da yawa, in ya tsaya a dunƙule yana buɗewa a hankali hannunka da ɗan danshi, toh shine. Wajen yanka ka ɗaga addarka kamar taƙi ɗaya daga ƙasa, kar ƙasa ta shiga, kuma kar ka aske ciyawar da ke ƙasa, ita yanzu ne aikinta zai fara.

Ramin fa, yaya girmansa?

Ka fara daga bakin dabbobinka. Misali shanu uku, kowacce kilo 10 a rana tare da sauran abinci, kwana 120, kaga kilo 3,600 kenan. Mita ɗaya tsawo da faɗi da zurfi in an danne sosai yana ɗaukar wajen kilo 500 zuwa 600, don haka rami mai zurfin mita 1, faɗin mita 1 da rabi, tsawon mita 5 zai ishe ka. A tudu zaka haƙa inda ruwa baya kwanciya. Datsawa kamar gaɓar yatsa, santimita 2 ko ƙasa da haka, da adda aiki ne ja wur, in jik ɗinku zai iya haɗa kuɗi ya sayi injin datsa ko ku yi haya yafi. Ku zuba kaɗan ku tattake, ku zuba ku tattake, mu ganga muke cikawa da ruwa muna mirginawa, yara kuma suna bin gefe da kusurwa da ƙafa don nan ne iska take ɓuya. A gama a rufe cikin kwana ɗaya ko biyu, kar a ja shi sati. Mafi ƙaranci sati uku kafin a buɗe, ni sai ya wuce kwana 40, kuma in ba'a huda bash ɗin ba zai kai bazara lafiya lau. Ɓera da kaji da akuya sune masu hudawa, ka sa ƙaya a kai. Mai dabba ɗaya ko biyu ba sai ya haƙa rami ba, ganga ko babbar leda mai kauri ta isa.

Ansilaj mai kyau launinsa kore ne mai ɗan rawaya, ƙamshinsa tsami-tsami mai daɗi. Wanda yayi baƙi, ko yana yauƙi yana wari, ko yayi farin fumfuna, zubar da shi a ramin taki, kar tausayin wahalarka yasa ka kashe saniya. In ka buɗe daga gefe ɗaya zaka riƙa ɗiba kullum kana mayar da rufi.

Akwai haɗari ga dabbobin?

Akwai guda biyu da nake so kowa ya sani. Na ɗaya gyauron dawa, bayan ka yanke dawa zata sake toho a cikin ciyawar, wannan ƙaramin tohon yana da guba, Fulani sun daɗe da sanin haka, musamman in ya sha fari sannan ruwa ya sauka. Kar ka saki dabba a kai sai ya girma ya wuce gwiwa sosai ko ya bushe. Na biyu, tumaki, musamman ƙanana, in suka dogara da ɗanyar brakiyariya zalla wasu sukan kumbura a fuska da kunne, fatar ta riƙa saɓulewa in rana ta buga, hanta ce take taɓuwa. In ka ga haka ka janye su ka kai inuwa ka kira likitan dabbobi. Shi kuma ansilaj a hankali ake saba musu, kaɗan kaɗan har sati guda, kuma mai tatsa ya bayar bayan an gama tatsa don kar nono ya ɗauki ƙamshin.

Shanun makiyaya ba zasu cinye ciyawar ba da kaka?

Wannan ita ce tambayar da tafi kowacce wuya, kuma ita ce ta sa mutane da yawa suka gwada suka bari. A al'adarmu in an kwashe amfanin gona daji na kowa ne, garke zai shigo, kuma bazaka ga laifin makiyayi ba tunda burtali da wuraren kiwo sai ƙanƙancewa suke yi, ya ga kore a tsakiyar bushewa ina zai kai shanunsa. Faɗa baya maganin wannan. Ni abin da nayi, tun kafin in shuka naje wajen jauro, mai garinmu, na faɗa masa, muka kira arɗon da rugarsa take kusa muka zauna, nace masa ranka ya daɗe wannan ciyawar shuka ta nayi da kuɗina, in na yanki nawa zan baku dama ku shiga kwana kaza, shanunku su kwana a gonar su bar min kashi, amma a fita tun da sauran abin da zai rufe ƙasa. Ya yarda, kuma ya riƙe alkawari. Na kuma fara shinge da aguwa da magarya, yana ɗaukar shekaru kafin ya haɗe amma yana haɗewa. Wuta ita ce ɗaya matsalar, masu farautar ɓera da gafiya ashana ɗaya ta ishe su, sai ka share kewayen gonar mita biyu ko uku tun farkon Nuwamba.

Kuma in gonar haya ce ta shekara ɗaya, kayi magana da mai ita a gaban shaidu kafin ka fara, don an sha ganin mutum ya gyara ƙasa mai gona ya karɓe abinsa.

Nawa zan yanka nawa zan bari?

Ni rabi da rabi nake yi, in yanka sama in shanya in ɗaure, in bar gindin da abin da ya kwanta. In ka kwashe duka ka koma gidan jiya, gonar tsirara take. Gara zata ci wani sashe cikin rani, kar ka damu da ita, ramukan da take yi ruwa ne zai bi ta ciki. Kashin shanun da suka ci ansilaj ɗin kuma a amalanke a mayar da shi gonar da ya fito.

Ina zan samu irin brakiyariyar?

Ka tambaya a tashoshin IRAD, ko wajen ma'aikatan kiwo na yankinku, ko manoman da suka riga suka fara, masu wajen Ngawundere sun fi mu samunsa. Kafin ka biya kuɗi mai yawa ka gwada, ka ƙirga ƙwaya 100 ka shuka a tsohon kwano kana yayyafa ruwa, bayan sati biyu ka ƙirga nawa suka fito, don an taɓa sayar min da wanda rabinsa ƙaiƙayi ne. Kuma sabon girbi baya tsirowa da kyau sai ya kwanta wasu watanni, wanda ka girba a Nuwamba daidai yake da shukar Yuni. Daga shekara ta biyu ba sai ka saya ba, ka ware wani lungu kar ka yanka kar dabba ta shiga, in kan ya nuna ka ga ƙwaya ta fara zuba da ka taɓa, sai ka bi da lauje ka yanke kawunan, ka tara a inuwa a kan bash kwana kaɗan, ka kakkaɓe ka sheƙe, ka zuba a buhu ka rataye inda laima da ɓera basa kaiwa.